Akwatinka Bai Fito Ba: Yadda Za Ka Bi Haƙƙinka Wurin Kamfanin Jirgi

Ƙarfe biyu da rabi na dare jirgin kawuna ya sauka Yamai. Daga Dubai ya taso da akwati uku. Biyu suka fito. Na ukun, wanda ya danƙara wa lesuka da gyale da turarukan da ya saro don shagonsa na babbar kasuwar Maraɗi, shiru kake ji. Ya tsaya har bel ɗin nan mai juyawa da kaya ya daina motsi, har zauren ya watse. Sai ga wani matashi, wanda har yau ba mu san ko yaron wane ne ba, ya ce masa, "Alhaji, kwantar da hankalinka, gobe ko jibi zai iso. Ba ni lambarka, ni da kaina zan kira ka." Kawu ya duba agogo. Kar ɗin Maraɗi da asuba yake tashi, tikiti na aljihunsa, ga kilomita 660 a gabansa. Ya karanto lambar, yaron ya rubuta a tafin hannu, suka yi musabaha.

Sai da aka yi sati uku sannan aka neme ni, don ni ne ɗan lakkol na gidan, mai rubuta wasiƙa da Faransanci. Na ce, "Kawu, ina takardar da suka ba ka a filin jirgi?" Ya ce, "Wace takarda kuma? Ai yaron ya karɓi lambata." Na ce, "To 'yar takardar nan mai danƙo da aka liƙa maka a bayan fasfo fa?" Ya juya fasfon. Tabon danƙo kaɗai ya rage, jikokinsa sun ɓare ta sun yi wasa da ita. Muka rubuta wa kamfanin, suka amso da layi biyu: babu rahoton ɓatan kaya da sunan wannan fasinja. Ko dala ɗaya bai gani ba.

Tun daga nan na zauna na karanci yadda abin yake tafiya. Doka tana bayan fasinja fiye da yadda muke zato, sai dai ba ta jin komai in ba takarda da kwanan wata ba. Mu kuwa mutanen Maraɗi nisa ne ke cin mu. Jirgi ya sauke mu a Yamai ko Kano, hankalinmu na tasha, sai mu bar haƙƙinmu a bakin wani mu kama hanya.

Tun ba a tashi ba

Rabin aikin a wurin awon kaya ake gama shi. Idan ma'aikaciya ta ɗaura doguwar takarda a mariƙin akwatinka, za ta yago ɗan guntu ta liƙa a katin shiga jirgi ko a bayan fasfo. Lamba goma ce a jikinsa, da haruffa uku na filin da kayan za su sauka: NIM Yamai ke nan, KAN Kano. Karanta haruffan kafin akwatin ya shige ciki. Ƙirga guntayen, akwati uku guntu uku. Sannan ka ɗauke su hoto ka tura wa wani na gida ta WhatsApp, ko waya ta salwanta hoton yana nan.

Ɗauki hoton akwatin a buɗe, ka kuma ɗauka a rufe. Ɓanɓare tsofaffin takardun tafiyar bara, suna ruɗa na'ura. Rubuta sunanka da lambar waya mai farawa da +227 a waje, ka sake jefa wata takardar a ciki, don ta wajen takan yage. Duk abin da ka saya, karɓi faktir, ko da na hannu ne, in dai da hatimin shago da kwanan wata. Faktir a jakar hannu yake zama. Na sha ganin wanda ya tattara su tsaf ya sa su cikin akwatin da ya ɓace.

In kuna tafiya mata da miji, ko ku uku 'yan kasuwa, kada ku yarda a zuba duk akwatunan da sunan mutum ɗaya don sauri. Kowa nasa da sunansa. Dalilin zai fito idan mun zo maganar kuɗi. Tsabar kuɗi, zinare, waya, kwamfuta, magani da takardu kuwa, wurinsu jikinka. Batirin ajiyar caji ma doka ta hana sa shi cikin kayan awo.

Sai maganar tikiti biyu. Wani don neman rahusa zai yanki tikiti daga Guwanzu ta China zuwa wani gari, ya yanki wani daban daga can zuwa gida. A irin wannan, sau da yawa kaya a tsakiya suke sauka, kai ne za ka ɗauka ka sake awo. Tambayi mai awo baki da baki: "Har ina kayan nan za su je?"

Bel ya tsaya, akwati bai fito ba

Nan ne wurin da ake ci ko a faɗi. Kada ka wuce duwan, kada ka fita zauren. A cikin zauren ɗaukar kaya akwai ofishin cigiya. A filin Diori Hamani nemi inda aka rubuta "Litiges bagages" ko "Service bagages", ko ka tambayi kowane mai kaki. A filin Malam Aminu Kano ma akwai irinsa. Sau da yawa waɗanda ke zaune a wurin ma'aikatan kamfanin da ke kula da lodi ne, amma da sunan kamfanin jirginka suke cike takarda, kuma ta hau kansa.

Miƙa fasfo, katin shiga jirgi da guntun lambar kaya. Za su nuna maka wani allo mai hotunan akwatuna iri-iri da launuka, ka nuna wanda ya yi kama da naka. Kada ka ce "baƙi ne babba" ka yi shiru, rabin akwatunan duniya baƙaƙe ne manya. Faɗi sunan kamfanin da ya ƙera shi, ƙafa biyu ko huɗu, ƙyallen atamfar da ka ɗaura a mariƙi, igiyar da ka naɗe shi da ita. In jakar Gana-mas-go ce da aka lulluɓe da leda, faɗi hakan, ba abin kunya ba ne. Za su tambayi abin da ke ciki. Ambaci abubuwa uku ko huɗu da za su bambanta shi da na kowa, misali hula zanna guda shida, takalmi fari lamba 43, Alƙur'ani mai koren bango. In takardar waje ta yage, da waɗannan ake gane mai kaya.

Takardar da za su ba ka ana kiranta PIR, haka sunanta yake a galibin filayen jirgi na duniya. A samanta akwai lambar dosiye mai gurbi goma: haruffa uku na filin jirgi, biyu na kamfani, sai alƙaluma biyar. Wannan lambar ita ce dukiyarka daga yau. Kafin ka ɗaga ƙafa, karanta takardar layi-layi, ko ka ba wani ya karanta maka. Sunanka daidai yake da na fasfo? Mahamadou da Mamadou da Mahamane a wurinmu kusan abu ɗaya ne, a wurin kwamfuta mutum uku ne. Lambar kaya daidai? Lambar waya daidai, kuma layin da ke aiki a Nijar ne, ba wanda ka saya a Dubai ba? Adireshin Maraɗi ka bayar, da unguwa da alama: Ali Ɗan Sofo kusa da masallacin kaza, Zariya bayan makarantar kaza. Guntun lambar kaya na asali ya zauna a hannunka. In sun nace sai sun riƙe, a rubuta lambarsa a kan PIR, kai kuma hotonsa na wayarka.

Za a iya ce maka intanet ya ɗauke, ko mai ofishin ya tashi. Haƙuri za ka yi ka kafe. A rubuta da hannu, a buga hatimi, a sa kwanan wata. In babu kowa sam, ɗauki hoton ofishin a rufe da hoton bel ɗin babu kaya, ka shiga shafin kamfanin a daren ka cike rahoto ko ka tura imel, da safe ka koma. Kuɗin tikitin kar da za ka yi asara bai kai kuɗin lesi ɗaya ba.

Haka in akwati ya fito a fashe, ko an yanke kwaɗo, ko ya yi sauƙi a hannu. Buɗe shi a nan cikin zauren, ka kai shi ofishin nan a rubuta. A doka, wanda ya karɓi kayansa ya fita bai yi ƙorafi ba, ana ɗauka lafiya ya same su, sai in ya kawo hujjar akasin haka. Kawo hujjar daga Maraɗi kuwa aiki ne ja.

A zauna Yamai ko a wuce gida?

Yawancin akwatunan da suka yi batan dabo ba sace su aka yi ba. A wurin canjin jirgi suke maƙalewa, Adis Ababa, Istambul, Kasabalanka, Lome, musamman in tsakanin jirgi da jirgi lokaci kaɗan ne. Jirgin kamfanin na gaba yakan kawo su. Don haka tambayi ranar da jirginsu zai sake sauka. In gobe ne kuma kana da masauki, jira ya fi. In sai bayan kwana uku ne, wuce gida, amma ka bar wakili.

Wakilci ma da ƙa'idarsa. Rubuta takardar wakilci da sunan ɗan'uwanka na Yamai da lambar katinsa na ɗan ƙasa, ka sa hannu, ka haɗa masa da fotokofin fasfo da na PIR. In za ka iya, kai ta ofishin magajin gari a buga mata hatimi. Ka bar masa mabuɗi ko lambar kwaɗo, don 'yan duwan na iya cewa a buɗe. Kuma ka gargaɗe shi kada ya sa hannu kan takardar karɓa sai ya duba akwatin ciki da waje.

Tambayi ofishin wa zai biya kuɗin kawo akwatin Maraɗi. Tunda jinkirin daga wurinsu ne, abin da ka kashe wajen ɗauko shi yana cikin asarar da za ka nema. Riƙe rasit na kar, na ɗakin kwana, na taksi in ya samu. Haka in a can waje ne kayan suka makara, ka sauka Jidda ko Dubai daga kai sai rigar jikinka: sayi abin da ya zama dole, sabulu, buroshi, riga da wando na canji, ka ajiye rasit. Abin buƙata na ce. Wanda ya je ya ɗinka shadda mai tsada ya kawo rasit, shi da aljihunsa. In gida ka dawo kuwa, kamfanoni kan ce ai kana da tufafi a ɗaki, su rage ko su hana.

Da lambar dosiye da sunanka na fasfo za ka iya bin sawun akwatin a shafin kamfanin. Galibinsu da rumbu ɗaya suke aiki mai suna WorldTracer, inda ake gwada cigiya da kayan da aka tsinta a filaye daban-daban. Yawanci kwana biyar na farko filin jirgi ne ke nema, daga nan dosiye ya koma babban ofishin kamfani, su turo maka takardar da za ka jera duk abin da ke cikin akwatin. Duk wanda ka yi waya da shi, rubuta rana da sa'a da abin da ya ce.

Lissafin kwanaki

Dokar da ke riƙe da wannan al'amari ita ce Yarjejeniyar Montiriyal ta 1999, wadda ta fara aiki a watan Nuwamba na 2003. Nijar na ciki, haka Najeriya, Saudiyya, Daular Larabawa, Turkiyya, Habasha, Maroko da China. Wa'adi huɗu ta gindaya, kuma a nan mutanenmu suka fi zubewa.

In akwati ya zo da ɓarna ko an ɗebe wani abu, kwana 7 gare ka daga ranar da ka karɓa ka aika ƙorafi a rubuce. In makara ya yi amma ya zo, kwana 21 daga ranar da aka miƙa maka shi ka nemi kuɗin da jinkirin ya ja maka. In bai zo ba sam, da zarar kamfani ya amsa cewa ya ɓace, ko kwana 21 sun cika daga ranar da ya kamata ya iso, doka ta ɗauke shi ɓatacce, kana da ikon neman diyya. Ba sai ka jira sun ce sun gaji da nema ba. Na huɗu, shekara 2 daga ranar saukar jirgi don shigar da ƙara kotu. Ta wuce, magana ta mutu, kuma musayar wasiƙu ba ta tsayar da wannan agogon.

Abin da da yawa ba su sani ba: PIR rahoto ne kawai, kamfanoni ba sa ɗaukarsa a matsayin neman diyya. Ka cike PIR ka koma gida ka naɗe hannu, kwana bakwai su wuce, sai a ce maka ka makara. Kiran waya ma ba ya cikin lissafi, saƙon murya na WhatsApp balle. Rubutu ake so, mai kwanan wata da shaidar an karɓa.

Nawa za a biya?

Nan zan ɓata wa 'yan kasuwa rai. Diyyar tana da rufi, kuma ba da dala ko sefa aka ƙayyade ta ba. Da wani ma'aunin Asusun Lamuni na Duniya ne da ake kira DTS da Faransanci, SDR da Ingilishi, wanda aka haɗa daga dalar Amurka, yuro, yuwan, yen da fam. Da farko rufin DTS 1,000 ne. Ana duba shi duk shekara biyar: ya koma 1,131 a 2009, ya koma 1,288 a ƙarshen 2019, sannan daga 28 ga Disamba 2024 ya zama 1,519. DTS ɗaya na kaiwa wajen sefa 800, yana ɗan hawa yana ɗan sauka, ka ga rufin ya kama wajen miliyan ɗaya da jika ɗari biyu.

Wannan kuɗin na kowane fasinja ne, ba na kowane akwati ba. Akwati uku suka ɓace da sunanka, rufi ɗaya ne. Shi ya sa na ce kowa ya auna nasa da sunansa. Kuma rufi ne, ba kyauta ba: abin da ka tabbatar ka yi asara shi za a biya, in bai wuce rufin ba. Mai kayan jika ɗari uku, jika ɗari uku zai nema. Mai kayan miliyan huɗu, a miliyan ɗaya da 'yan kai zai tsaya, sauran ya bi ruwa. Tufafin da aka riga aka sa kuma ana rage musu daraja gwargwadon tsufansu.

Mafita ɗaya doka ta bari, ita ma tun wurin awo. Kana iya bayyana darajar kayanka ta musamman, da Faransanci "déclaration spéciale d'intérêt", ka biya ƙarin kuɗi, a rubuta adadin. In sun ɓace, har zuwa wannan adadin za a biya ka, sai in kamfani ya tabbatar ka zuzuta. Kowane kamfani da iyakar da yake karɓa, don haka tambaya tun ranar yankan tikiti, ka kuma je filin jirgi da wuri. A ganina, mai saro kaya na miliyoyi da ke cusa su cikin akwatunan fasinja ba bayyanawa ba inshora, caca yake da jarinsa ko bai sani ba. Saƙon mutane da muke karɓa don kunya, "don Allah Alhaji ka riƙo mini wannan", shi ma cikin rufinka yake shiga.

Kamfani na iya nuna maka sharaɗin tikiti cewa ba ya ɗaukar alhakin waya ko zinare a kayan awo. A tafiyar da Montiriyal ke mulki, sashe na 26 ya soke duk sharaɗin da ke sauke wa kamfani alhakin da yarjejeniyar ta ɗora masa, don haka ka sa su cikin lissafinka. Amma ka shirya jayayya, za su ce sakacinka ne.

Akwai tsohuwar yarjejeniyar Warso ta 1929, wadda har yanzu ke aiki da ƙasashen da ba su shiga Montiriyal ba. Ita da kilo take biya, wajen DTS 17 kowane kilo, wato akwati mai kilo 23 bai wuce jika ɗari uku da 'yan kai ba. In kamfani ya yi maka lissafin kilo, duba tikitinka. Tikitin zuwa da dawowa da ya tashi daga Yamai ya ƙare a Yamai yana ƙarƙashin Montiriyal ko wace ƙasa ka je. Jirgin cikin gida zalla, Yamai zuwa Maraɗi, da kayan da suka ɓace a kar, waɗannan ba ruwan yarjejeniyar da su, sharaɗin tikitinsu za ka duba.

Wasiƙar neman diyya

Kwana na 22 ya same ka da wasiƙa a shirye. In ta Yamai ka sauka a rubuta da Faransanci, in ta Kano da Ingilishi. Wanda bai iya ba ya nemi ɗalibi daga jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ko ya shiga siba, aikin awa ɗaya ne. Wa za a rubuta wa in jirage biyu ka hau da tikiti ɗaya? Doka ta ba ka zaɓi tsakanin kamfanin farko, na ƙarshe, da wanda kaya suka ɓace a hannunsa. A aikace na ƙarshe, wanda aka cike PIR da sunansa, shi ke riƙe da dosiye. Ajans ɗin da ya sayar maka da tikiti a Maraɗi zai iya taya ka bibiya, amma ba shi ke biya ba.

Wasiƙar gajera ce. Sunanka kamar yadda yake a fasfo, lambar tikiti, lambar jirgi da rana, lambar kaya, lambar dosiye. Jimla ɗaya: kwana 21 sun wuce, akwati bai iso ba, bisa sashe na 17 da na 22 na Yarjejeniyar Montiriyal ina neman a biya ni kaza. Sai jerin kaya, kowanne da adadinsa, lokacin saye da farashi, da jimilla a ƙasa. In ka biya kuɗin ƙarin kilo ko ƙarin akwati kan wanda ya ɓace, nemi a mayar maka. Ba su wa'adin kwana 30, ka sa bayanan asusunka na banki, wanda sunansa ya dace da na fasfo.

Haɗa kofin komai, asali ya zauna gida. Abin da ba shi da faktir, kawo hoton akwatin a buɗe, hoton da ka ɗauka sanye da rigar, saƙon da ka yi ciniki da mai shago, shaidar tura kuɗi. Kada ka ƙara gishiri. Sun san nauyin akwatinka tun ranar awo, in jerinka ya fi ƙarfin kilo 23 ka zubar da mutuncin dosiyen gaba ɗaya, ga kuma haƙƙi a wuyanka. Tura ta shafin ƙorafi na kamfanin ka ɗauki hoton lambar da suka ba ka. Wakilinka kuma ya kai kofi biyu ofishinsu na Yamai, a buga hatimin karɓa a ɗaya ya dawo maka da ita.

In sun amsa, in sun yi shiru

Tayin farko yakan zo ƙasa. Wani lokaci ma takardar rangwamen tikiti za su ba ka maimakon kuɗi. Ba dole ba ne ka karɓa, kana da ikon cewa kuɗi kake so. Amsa cikin ladabi, ka nemi su nuna yadda suka yi lissafi, ka maimaita adadinka. Tare da tayin akwai takardar sallama da za a ce ka sa hannu, ma'anarta ka karɓi wannan ka yafe saura. Kada alƙalami ya taɓa ta sai ka gamsu.

In wata ya wuce shiru, aika wasiƙa ta biyu ta gargaɗi, wadda masu shari'a ke kira "mise en demeure", ko ta hannun wishe, ma'aikacin shari'a mai isar da takardu, in kuɗin sun taka kara. Kai kofin dosiyen hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, ANAC, a Yamai. In ta Kano ka sauka, takwararta ta Najeriya, NCAA, tana da sashen kare haƙƙin fasinja. Kotu ita ce ta ƙarshe. Yarjejeniyar ta yarda a kai ƙara a ƙasar kamfanin, ko inda yake da ofishin da aka yanki tikiti, ko inda tafiya ta ƙare, ka ga mai tikitin da ya ƙare a Yamai ba sai ya tsallaka teku ba. Sai dai ka auna kuɗin lauya da zirga-zirgar Yamai da abin da kake bi. Kafin nan duba ko inshorar da ka yanka don biza, ko katin bankin da ka biya tikiti da shi, sun haɗa da kaya. Su ma PIR za su fara tambaya.

Alhazai da masu Umra, ku lura da abu ɗaya. Jakar da aka karɓa a masauki a Makka ko Madina, a tabbatar an ba ku guntun lamba, ku kuma tambaya ko tare da ku za ta tashi ko a kargo. Kayan kargo dokarsu daban: da kilo ake biya, DTS 26 kowane kilo tun ƙarshen 2024, takardarsu kuma LTA ce, wato takardar aika kaya ta jirgi, wa'adin ƙorafin ɓarna kwana 14. In a ayari kuke, sanar da jagoran ajans da hukumar COHO mai kula da Hajji da Umra, amma ka tabbata an cike rahoto da sunanka kai kanka.

Bara yayata ta dawo daga Umra, akwati ɗaya bai fito ba. Ta kira ni daga zauren tana cewa direba na jira. Na ce, "Yaya, ko zai tafi ya tafi, kada ki fito sai da takarda." Ta fito da ita bayan awa ɗaya da rabi, tana mita. Kwana na 22 muka tura wasiƙa, kayan jika 640. Suka yi tayin rangwamen tikiti, muka ƙi. Suka nemi faktir na abayoyi, muka tura hoton huɗu, biyu babu. A wata na uku jika 510 suka shigo asusunta: sun cire abayoyi biyun nan, sun kuma rage kusan rabin kuɗin tufafin da ta tafi da su daga gida. Dabinon da ta sayo wa Inna kuwa ba mu sa shi cikin jerin ba, ta manta kilo nawa ne.